Mutum na Biyar a Hoton Jirgin Feshi

Numfashina ya ragu, don haka ba zan ja magana ba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa, 'yata Auta tana rubutawa, in na tsaya sai ta jira ni in zuƙi iska daga kwalbar da nake ja a bayana. Likita ya ce huhuna ya ƙone. Bai ce yaushe ba, ni ma ban tambaye shi ba. Abu ɗaya nake nema kafin lokacin, sunan wani mutum. Mun yi aiki tare damina huɗu, mun ci a kwano ɗaya, na sa shi a kabari da hannuna, amma ban san sunan da ubansa ya raɗa masa ba.

Garin da Auta ta kawo ni yana gefen Washington, a bakin layin jirgin ƙasa mai zuwa Greenbelt. Ƙaramin gari ne, amma yana da filin jirgin sama, kuma mutanensa ba su da abin alfahari kamarsa. Sun ce tun jirgi yana katako da ƙyalle ake tashi a nan. A nan aka koya wa sojojinsu na farko tuƙi, daga nan aka riƙa ɗaukar wasiƙu ta sama lokacin da mutane ke ganin abin kamar hauka. Har yanzu ƙananan jirage suna tashi, ina jin su daga ɗakina, kuma tun kafin in ɗaga labule na san wanda injinsa ke da lafiya da wanda ke tari. Kusa da filin sun gina gidan tarihi, sun rataye tsofaffin jirage a rufi, sun ajiye hular wane da tabaran wane, kowane abu da sunan mai shi a ƙarƙashinsa. Mutanen nan ba sa yar da komai. Mu kuwa filin da na yi ƙuruciyata a kansa, an ce yanzu rabinsa tashar mota ne, rabinsa gidaje. Wanda aka haifa a gidajen bai san an taɓa saukar jirgi a tsakar gidansu ba.

Wani matuƙin jirgi ɗan garin nan ya taɓa aiki a garinmu, can da daɗewa, yana feshin fara. Da ya mutu iyalansa suka buɗe akwatinsa suka sami hotuna. Daga nan magana ta tashi har aka ƙulla zumunci tsakanin garin nan da namu, wai sun zama tagwaye. Mijin Auta injiniya ne, yana cikin kwamitin zumuncin. Shi ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, an jera hotunan garinku a gidan tarihi, za a yi taro. Ko za ka je ka gani?" Na ce ba ni da abin gani. Auta ta ce in ban je ba ba za ta dafa min tuwo ba har sati. Na je.

Hoto na uku daga ƙofa shi ne. Jirgi a baya, mutum biyar a gaba, kowa da gora mai farin ƙyalle a kai. Aka turo min kujera na zauna. Na ce wa Auta ta karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Ta karanta sunan matuƙin, da irin jirgin, sannan ta ce, "Sai kuma an sa, mutanen gari masu taimako."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Na ɗaga sanda na nuna. Wannan Audu, shi ne babbanmu. Wannan Isiyaku. Wannan Garba mai dariya. Wannan mai kunnuwa ni ne. Wata tsohuwar Baturiya da ke kula da wurin ta matso, Auta ta fassara mata, sai ta dafe ƙirji, ta ɗauko takarda. Ta ce ranar Juma'a za a aika a sassaƙa ƙananan allunan ƙarfe da za a liƙa a ƙarƙashin hotuna, kuma in na ba da sunayen kafin ranar, za a sa su. Bayan nan ba za a sake ba. Ta rubuta huɗu, ta ɗora yatsa a kan na biyar, dogon da ke tsaye kusa da ni ya dafa kafaɗata. Ba ni da sunan da zan ba ta. Mu Ɗangabas muke ce masa.

A mota surukina ya ce, "Baba, ai sai a sa Ɗangabas ɗin. Da shi aka san shi." Na ce a'a. Wannan ba suna ba ne, mu muka liƙa masa don daga gabas ya zo shi kaɗai, ba dangi, Hausarsa ma a karkace. Ba ya son sa. Sau da yawa yana cewa, "Ku dai ba za ku bari in zama ɗan gari ba." Mu yi dariya mu ƙara kira. Ba zan sa a sassaƙa abin da ya ƙi a ƙarfe ba, a ƙasar da ba a yar da komai.

Aikinmu tuta. Yaran yanzu ba su san shi ba, an ce na'ura ke nuna wa jirgi hanya. A lokacinmu mutum ne. Kafin rana ta fito, kafin iska ta tashi, mota za ta zubar da mu a bakin gonaki, raɓa har gwiwa. Ɗaya ya tsaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, ka ɗaga gorarka sama. Da farko ba ka ganin komai, sai ka ji shi, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Sai tsuntsaye su watse. Sai ga shi ya taso daga bayan itatuwa, ƙasa ƙasa, yana shafar kan gero, ya nufo ka kai tsaye, don kai ne alamarsa. Ba a gudu da wuri. In ka gudu da wuri layi ya karkace, matuƙi ya sauko yana zagi da yarensu. Audu ya koya mana, ya ce ka tsaya har sai ka ga fuskar Baturen ta gilashi, sannan ka sunkuya ka yi taki goma sha biyar gefe, ka sake ɗagawa. Abin da ya biyo bayan jirgin kuwa a kanka yake sauka, kamar yayyafi, mai wari kamar tafarnuwa da kananzir. Yana shiga ido, yana shiga baki, riga ta manne a jiki. Ba a ba mu abin rufe hanci ba, mu ma ba mu nema ba. Garba yana cewa mu ne mutanen da sauro ba zai taɓa ciza ba. In an tashi mu je kududdufi mu wanke, mu sha kunu, kai yana sarawa har la'asar. Kuma muna taƙama. Duk garin babu saurayin da 'yan mata ke kallo kamar mai tuta. Tsofaffi suna sa mana albarka a hanya, don sun ga shekarar da fara ta cinye har bawon itace, sun ga an binne yara. Gero ya tsira a shekarunmu, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Audu ya mutu yana tari, Isiyaku ya mutu yana tari, Garba hannuwansa suka riƙa rawa har ya kasa kai loma baki. Ni na fi su daɗewa, ban san dalili ba.

Ni da Ɗangabas ake haɗawa, shi a can ƙarshen, ni a nan. Ba mai yawan magana ba ne. Yana da wata ɗabi'a, in jirgi ya wuce shi sai ya kaɗa min tutarsa sau biyu, wato yana nan da rai, ni ma in kaɗa masa. Ranar da ƙaya ta shige min ƙafa na kasa takin nan, shi ya bar wurinsa ya zo a guje ya ɗauke ni a kafaɗa, aka zage shi a kan layin da ya lalace. Ɗakinmu ɗaya a zauren wani mahauci. In na yi dare wurin hira shi ke rufe min tuwona da faranti.

Maganin feshin a duro yake zuwa, manyan duro masu shuɗin fenti da hoton ƙoƙon kai. A garinmu a lokacin, duro dukiya ne. Rijiya tana da nisa, tulu ba ya ɗaukar komai, macen da ke da duro a tsakar gida ta huta da jigila. Tafinta ya gaya mana tun ranar farko, Bature ya ce duk duron da ya ƙare a huda shi a binne. Audu ya jira tafinta ya juya baya, ya ce, "Haka suke. Ba sa son talaka ya mori abin da suka yar. Akwai abin da toka da yashi ba sa fitarwa?" Muka yarda, don babba ne ya faɗa, kuma don muna so mu yarda. Ni aka ba ƙusa da guduma, ni ke hudawa. Sai in huda uku in ɓoye ɗaya a cikin ciyawa, mu riƙa ɗauka bi da bi.

Damina ta uku Ɗangabas ya auri Kande, 'yar wani masaƙi. Lokacin layin duro ya zo kaina. Ba ni da abin gudummawa, don haka na mirgino shi tun daga fili har ƙofar ɗakinsu, yana ƙara, mutane suna leƙowa. Na ce, "Amarya, ga naki, kin daina zuwa rijiya sau biyar." Kande ta rufe fuska tana dariya. Shi kuwa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ban taɓa ba wani kyautar da ta faranta masa rai kamar wannan ba.

Da shekara ta zagayo suka haifi 'ya mace, ita ce ta fara rasuwa, ba ta kai yaye ba. Aka ce iska ce. Sai shi Ɗangabas ya fara amai, yawu yana zuba, jiki yana karkarwa. Kande ma ta kwanta. Wani malamin asibiti da ya zo duba su ya nemi ruwan wanke hannu, aka ɗebo masa daga duron, ya sansana, ya leƙa ciki, ya tambaya wa ya kawo wannan. Ina tsaye a wurin. Ban ce ni ne ba. Bayan kwana shida muka kai Ɗangabas makwancinsa. Kande ta tashi, danginta suka ɗauke ta zuwa ƙauyensu. Ni kuma na ajiye gora na bar garin, na yi dako, na yi gadi, na yi turin kura, duk abin da ya samu.

An faɗi sunansa sau ɗaya a gabana, ranar ɗaurin aure. Liman ya faɗa, maroƙi ya maimaita da ƙarfi. Ina can baya ina rabon goro ina tsokanar Garba. Na ji, ya shiga ta nan ya fita ta can. Daren jiya da shekaranjiya da duk kwanakin nan ina koma wa wannan ranar, ina ganin tabarmi, ina ganin rawanin liman, ina jin muryar maroƙi har inda zai faɗa, sai wurin ya zama shiru.

Daga Asabar zuwa Laraba Auta ta buga waya ta gaji. Limamin ya rasu, wanda ya gaje shi ma ya rasu. Mahaucin da muka zauna a zaurensa, jikokinsa ba su taɓa jin labarinmu ba. A wurin aiki lamba aka ba mu, ba a rubuta sunan kowa ba. Ɗan Audu ya ce yana jin babansa yana ambaton wani Ɗangabas, iyakar abin da ya sani ke nan. Na daina cin abinci. Auta ta yi faɗa, ta ce, "Baba, mutumin nan ya yi shekaru a ƙasa, allon ƙarfe ba zai ƙara masa komai ba. Kai kake kashe kanka." Na ce ba don allon kaɗai ba ne. Na kusa zuwa inda yake. Ina so in roƙa masa gafara da sunansa, in nemi tasa da sunansa, ba da abin da muke tsokanarsa da shi ba. Ta fita ta bar ni, na ji tana fyace hanci a kicin.

Ranar Alhamis da safe aka samo Kande. Tana raye, a gidan 'yar ƙanwarta, wata malamar makaranta mai waya irin ta ganin fuska. Auta ta jingina wayar da kofi a gabana. Can la'asar ce, ina jin kaji da turmi. Sai ga wata tsohuwa ƙanƙanuwa a kan tabarma, ta matso da ido har ya cika gilashin.

"Wa nake gani da igiya a hanci kamar san huɗa?"

"Ni ne, amarya."

"Amarya ta tsufa, haƙori biyu ya rage mata. Ashe kana nan. An ce kana ƙasar masu jirgin."

"Ina can."

"Ka bi su har gida ke nan."

Muka gaisa. Ta tambayi iyali, na tambayi jiki. Ta ce ta yi aure biyu bayansa, duk ta binne su, ba ɗa ko ɗaya da ya tsaya. Na gaya mata zancen hoton, Auta ta ɗaga wanda ta ɗauka a wayarta ta nuna mata. Kande ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Rigar nan ni na wanke ta. Ba ta taɓa daina wari ba."

Na ce, "Kande, sunansa nake nema. Gobe za a rufe."

Ta ja baya. "Kai da kuka kwana ɗaki ɗaya?"

"Ban riƙe ba."

"To ni ka taɓa jin na faɗa? Yana raye ban faɗa ba, sai yanzu da yake kwance?"

Na san wannan. Matan zamaninmu ba sa kiran sunan miji, ko a gaban alƙali sai dai su kewaya. Auta da ke kiran nata mijin da sunansa daga wannan ɗaki zuwa wancan ta sa baki, ta ce, "Inna, ba sai kin faɗa ba. Ki raɗa wa Malama a kunne, ko ki ce mai sunan wane ne a gidan nan."

"'Yar nan, bari manya su gama," in ji Kande.

Na ce, "Zan jero sunaye, in na zo kansa ki sunkuyar da kai kawai. Musa. Adamu. Yakubu."

"Kar ka mai da ni abin wasa, Malam."

Iska ta ƙare min. Auta ta murɗa kwalbar, na jira ƙirjina ya lafa. Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har uwar Auta da muka yi shekaru tare. Na ce an gaya min a huda duron nan a binne. Na ce ƙusa da guduma suna hannuna, na ajiye su. Na ce ranar da malamin asibiti ya tambaya wa ya kawo, ina tsaye na yi shiru.

Kande ta ce, "Wa bai sani ba? Duk unguwa ta ga ka mirgino shi. Shi ma yana wurin da tafinta ya yi magana, ya ji da kunnensa. Sau uku ya wanke shi da toka, ya shanya a rana kwana bakwai. Ni na zuba ruwan farko, ni na ba yarinyar. In za a raba laifi, kowa zai samu. Ban riƙe ka ba, shi ma bai riƙe ka ba. Har ya daina magana yana tambaya ko ka ci abinci."

"To ki ba ni sunan, don Allah."

"A'a."

"Kande, mutuwa zan yi."

"Ni ma. Ka saurara. Bai bar min gona ba, bai bar min ɗa ba, ko kabarinsa an ce mota ke tsayawa a kai. Abin nan kaɗai ya rage a wurina, ban taɓa fitar da shi ba, ko mazan da na aura ba su ji shi ba. Yanzu in ba ka, ka kai a liƙa a ƙarƙashin jirgin nan, masu wucewa su karanta a karkace suna shan abin sanyi? Jirgin ya ci abin da zai ci."

Na yi kuka, a gaban 'yata, abin da ban yi ba ranar da muka kai shi.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Ka ce addu'a kake so ka yi masa. Ɗaga hannunka. Ni zan kira shi, kai ka ce amin. Wanda ake roƙo ya san wa ake nufi."

Na ɗaga hannu. Ba zan yi ƙarya ba, na matso da fuskata jikin gilashin don in karanta leɓenta. Ta san ni. Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki har hanci, idanunta kaɗai nake gani, mayafin yana ɗan motsi. Ta daɗe. Duk inda ta tsaya na ce amin. Da ta shafa na shafa. Ta ce wa malamar ta kashe abin nan, ta gaji da zama, kuma ba ta yi la'asar ba.

Aka kashe wayar. Auta ta ɗauko takardar Baturiyar, ta ce, "Baba, gobe me zan ce musu?"

Na ce ta ba su huɗun. Na biyar su bar wurinsa fili, kar su rubuta komai, kar kuma su matse sauran su cike gurbin. In an tambaya, ta ce yana da suna, yana wurin matarsa.